Turken Safiyo a Kan Kabarinka

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai maka wannan takarda, amma in ban rubuta ba zuciyata fashewa za ta yi.

Gida lafiya. Wake ya yi kyau bana a Rawayau. Ƙanwata Hadiza ta haifi namiji, an sa masa sunanka. Inna ce dai idonta ke ta raguwa. Ni ina koyarwa a Dutsin-Ma.

Ban taɓa faɗa maka ba, na ji haushinka ranar da ka bi Turawan safiyo Kudu kana ja musu sarƙar awo. Mutumin Kurfi, me ya kai ka bakin teku? Da zazzaɓi ya ɗauke ka, cewa kawai aka yi an rufe ka a can. Can ina?

Makon jiya abokin aikinka Malam Sule ya dawo gida, ya biyo makaranta mu gaisa. Ya ga tsohuwar taswirar bakin kogin da kuka auna a bangon ajina, ya ɗora yatsa kan wata 'yar alama mai kusurwa uku. Ya ce ƙasar duk laka ce, tudu ɗaya ne ruwa ba ya hawa, nan suka binne ka. Washegari Bature ya ce tudun yake so. Aka kawar da fasasshen tulun da suka kifa maka, aka zuba siminti, aka kafa turken awo a kanka.

Haba! Ka ɗauki kayansu da ranka, ka mutu ma ba su sauke maka ba? Sun rubuta tsayin tudun, sun sa wa kowane rafi suna. Naka ne ya yi musu nauyi? Wai kuma ni zan riƙe sanda in nuna wa yara!

Na cire taswirar, hedimasta ya faɗi abin da zai faɗa. Na kai wa Inna, na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ba ta yi kuka ba. Ta shafa, ta shafa, sannan ta tambaye ni ko an fuskantar da kai alƙibla.

Na koma wurin Malam Sule. Ya sunkuyar da kai, ya ce hadari ya rufe rana, suka roƙi Bature aron kamfas don gane gabas aka hana su, sai suka yi kirdado. Ita ko taswirar, kibiya ɗaya gare ta, arewa take nunawa.

Na ce wa Inna an fuskantar da kai. Allah ya sa ban yi mata ƙarya ba.

Allah ya haskaka makwancinka, Baba, ko ina ka fuskanta.

Ɗanka da har yanzu bai huce ba,
Lawal