Don Ranar Damargu Aka Yi Mu

Zuwa ga Baffa Tanko, a Gangara.

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna Tabawa da ciwon idonta? Yaya gero ya yi bana?

Ni Ɗan Azumi ina barikin soja a Faransa. A gaya wa Inna lafiyata lau, sai dai sanyi ya ci mini yatsun ƙafa biyu, likita ya yanke su.

Baffa, mutanen nan Allah ya yi su daidai da ƙasarsu. Jikinsu da kauri, ga gashi har ƙirji. Ƙanƙara na zuba, kumatunsu su yi ja, su wuce abinsu. Mu kuwa dogaye, baƙaƙe, marasa kitse, don ranar Damargu aka yi mu.

Ran da masu ɗaukar soja suka zo, ka dafa kafaɗata ka ce, "Dogon mutum ko'ina ya je zai jure." Na yarda da kai. Yanzu wani ɗan Tarka ya iso nan, ya shaida mini ashe ɗanka Sani ne mai gari ya kira soja, ba ni ba. Ka ɓoye shi wurin Buzaye, ka tura ni, ɗan ƙanenka marigayi.

Allah ya ƙara maka lafiya. Ka ce wa Sani ya nome gonar Inna, tunda shi yatsunsa goma ne.