Nura Ya Gina wa Muryarki Ɗaki

Zuwa ga uwargidana, Ta Madobi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah tana tare da ke, ki sani da hannuna nake wannan rubutu. Karatun yamman da kike yi mini dariya a kansa, wai furfura ta shiga aji, yau ga amfaninsa.

Albishirinki. Autarki Hadiza ta sauka lafiya, an samu mace, an mayar da sunanki. Tun ranar suna abu ɗaya ke damuna: yarinya za ta tashi da sunanki, ba ta san muryarki ba.

Kin tuna kaset ɗin da kika yi wa ɗanmu Sani lokacin da yake bin motar tumatir zuwa Legas? A gona kika ɗauka, a bakin kanal, kina yi masa faɗan salla da cin abinci a kan kari. Shi kaɗai ya rage mana, ga ƙarar injin ban-ruwa ta kusa cinye maganar.

Nura ɗan Sani, mijinki na wasa, yanzu aikin ɗaukar waƙoƙi yake a wani situdiyo a Kano. Na kai masa kaset ɗin da kaina. Ya zuba a kwamfuta ya tsince ƙarar injin, sai muryar ta fito a bushe, siririya, kamar ba a ko'ina kike ba. Ya ce murya sai da ɗaki, don bango ne ke dawo da magana, kuma na'urarsa tana iya ƙirƙiro bangon da babu shi. Eko suke kiran abin.

Na farko da ya sa, sai ga ki kina faɗa kamar a masallacin Juma'a. Na ce matata ba ta taɓa huɗuba ba. Na biyu kuwa, ka ce rijiya kika faɗa. Ya ce kishi ne ya toshe mini kunne, tunda shi kika fi so. Na ce ya biyo ni gida.

Ɗakinki na ƙasa damina ta cinye shi, mun yi na bulo. Amma akwai irinsa a gidan ƙanena a Bunkure, rufin azara, ga jeren kwanuka a bango. Na shigar da Nura. Ya tafa hannu ya saurara, ya koma lungu ya sake tafawa. Ya ce kaɗan daga sautin bangon ƙasa yake dawowa da shi, sauran ya haɗiye.

Ran Juma'a ya kawo faifan, ya kwaikwayo wa muryarki irin wannan ɗakin da na'urarsa. Abokaina na majalisa sun ce ƙari ne a kan gaskiya. Na san aikin na'ura ne, ban ruɗe ba. Amma ni na zauna da ke a ɗakin nan, kuma na shaida haka muryarki take.

A tsakar gida muka kunna. Hadiza tana ɗaki tana shayarwa, ba ta san me ake ciki ba. Da aka zo inda kika katse saƙon kika ƙwala mata kira ta bar wasa da ruwa, sai muka ji daga ɗaki, "Na'am, Inna."

Ta fito da takwararki a kafaɗa, ta ce a maimaita.

Allah Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya raya mana wannan yarinya, Ya haɗa mu a inda zan ji ki ba da faifai ba.

Naki har kullum,
Malam Audu mai albasa, Kura.