Ƙofar da Inna Ta Bari

Ƙofar Marke, Sakkwato
Yuli, 1960

Zuwa ga Yayata Kulu,

Gaisuwa mai yawa, tare da tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara. Yaya damina a Kano? Mu nan ruwa ya sauka, sai godiya.

Bayan haka, Yaya, ina so in ba ki labarin wata Laraba ta bara, don daga ita komai ya sauya mini. Na gama wanke-wanke, na kwanta rubda ciki a tabarma ina karanta ɗaya daga cikin littattafan nan na Zariya da kike yi mini dariya a kansu. Sai Malam ya shigo da takardu masu hotunan kwanoni, daga kamfanin Kano da yake saro kaya a wurinsu. Duk furanni ne na ƙasashen da ban sani ba. Ya ce in zaɓa masa wanda mata za su so. Na duba, na sake dubawa, na ce babu wanda ya kai ƙwaryar aurena kyau. Wasa nake yi. Shi kuwa ya ɗaga kai ya kalli jerena, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kina iya zana mini ita a takarda?"

Kin san ƙwaryar, Inna ta yi miki irinta: layi uku ƙonannu a baki, sai jerin nan mai kama da sawun tsuntsu a gaɓar gulbi, sai zobe babba da ya kewaye ta. Na ɗauki fensir na zana, ban bar komai ba, har ɗan wurin da zoben bai haɗe ba. A raina ina ganin kaina irin matan cikin littafi, masu fid da mijinsu kunya da dabara guda.

Watan jiya kaya suka iso. Da aka warware ciyawar da aka naɗe su, sai na ga hannun Inna a jikin ƙarfe, fari tas, zanen da baƙin fenti yana ƙyalli. Kafin Juma'a ta zagayo sun ƙare a rumfar Malam. Ya sayo mini zane da 'yan kunne, yana kirana "mai zanen kamfani" a gaban ƙannensa. Na yi murna, ba zan ɓoye miki ba.

Sai ya ce ladabi ne a kai wa Inna nata. Ya zaɓi manya da ƙanana da murafunsu, ya aika Wamakko. Amsar da ta dawo ita ce, "An gode." Inna fa, wadda ko goro ka kai mata sai ta sa maka albarka har ka gaji da amin. Tun ranar tuwo ba ya yi mini daɗi a kwanon. Ban gaya mata na zana ba. A lokacin ban ma ga abin faɗa a ciki ba.

In Yaya Haruna ya iso Kano da shanu, ki tambaye shi abin da ya gani a gida. Ni ba zai gaya mini ba, har yanzu kallon yarinya yake mini.

Ki gaida mutanen gida duka. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Sadiyatu


Kano
Agusta, 1960

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da Malam Jinaidu. Mu lafiya lau, sai Dije da ke fama da haƙori.

Takardarki ta same ni, na karanta ta a tsaye, don ni ba ni da lokacin kwanciya rubda ciki. Kwanoninku sun riga ta isowa. Kasuwar Kurmi cike take da su, har Kanawa sun raɗa musu suna, "mai ƙofa". Wata maƙwabciyata ta kawo nata tana yi mini yanga, wai, "Ke Basakkwaciya, kin taɓa ganin irinsa a garinku?" Na ce mata a cikin irinsa aka yaye ni.

Haruna ya zo, na tsare shi sai da ya faɗa. Inna tana bakin murhu da wuƙarta a wuta aka sauke kayan a gabanta. Ta ɗauki babban, tana juya shi a hankali yadda take juya ƙwarya in tana neman tsaga. Da yatsanta ya kai inda zoben bai haɗe ba, sai ta tsaya. Ta ce, "Wanga aikin ɗiyata na."

Kin manta ne, ko labarai sun cika miki kai? Inna ba ta rufe zoben ƙwaryar amarya. Tana barin 'yar ƙofa, sai ranar sunan ɗan fari a kawo mata ta ɗora wuƙa ta haɗe shi. Sawun tsuntsu kuwa mutum biyu kaɗai ta taɓa yi wa, ni da ke. Tawa ta rufe tuni. To wa ya rage? Duk matar Wamakko da ta ɗauki kwanon nan ta san 'yar wa ce ta shekara uku a ɗaki ƙofarta a buɗe. Kin buga sirrinki a ƙarfe, ana cin tuwo a ciki daga nan har Ikko.

Wannan naki ne, ke kika sani. Ga na Inna. Iyayen amaren da suka ba ta aikin ƙoren jere na bana sun aiko a bari, sun sayi kwano. Ɗaya ma cewa ta yi, "Ai zanenki na dai, Inna, ga shi ba ya hwashewa." Ita a ganinta yabo ta yi. Inna ta naɗe wuƙaƙenta a tsumma ta cusa a rufin ɗaki, kuma tun ranar ba ta hura wutar zane ba. Ba ta zage ki ba, ba ta ko sake ambatonki ba. Kwanonin suna ƙarƙashin gado da ciyawarsu.

Kin tambaya, na gaya miki. Kada ki jiƙa mini takarda ta gaba da hawaye, ba na iya karanta rubutun da ya cakuɗe.

Ki gaida mijinki. Allah ya bar zumunci.

Yayarki,
Kulu


Ƙofar Marke, Sakkwato
Agusta, 1960

Zuwa ga Yayata Kulu,

Gaisuwa da girmamawa. Allah ya ba Dije lafiya, ya fito da haƙoran cikin sauƙi.

Ban jiƙa takardar ba, na gama kukan kafin in ɗauki alƙalami. Littattafan ma na tura su cikin akwati. Duk matar da na karanta ta yi dabara, a ƙarshe kowa murna yake yi. Ba a taɓa rubuta abin da ya sami uwarta ba.

Kwanakin nan kallon kayan gida nake yi ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina me ya sa wani abin ba a iya ƙara masa komai, ba a iya rage masa. Dubi buta. Ko ido a rufe hannu ya san inda wuyanta yake, kuma ruwan da take zubowa daidai na alwala ne. Dubi alaben jar fata da Baba ke zuba kuɗi, Allah ya jiƙansa, yadda ya yi ta ƙara kyau da tsufa, inda babban yatsansa ke taɓawa ya yi duhu. Har fitilar ƙwai ina sa ta a cikinsu, ko da yake daga ƙasar Turawa ta zo, don iska ta gaji da ita ta ƙyale ta. Sai na sauko da ƙwaryata na wanke ta, ranar na fara lura cewa layi ukun nan na baki rami ne da su, jiƙaƙƙen hannu ba ya zamewa. A kwano fenti ne kawai. Abin da ido ke gani na kwafa. Ƙwaryar kuma jiran wani abu take yi, Yaya. Kwanon ba ya jiran komai.

Na gaya wa Malam abin da ya faru a Wamakko. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce wallahi karramawa ya nufa. Amma ya ce, "Haka abu mai kyau ke zama na kowa. Wa ya san wanda ya fara yin buta? Zanen Inna zai kai inda ƙafarta ba ta taɓa zuwa ba, zai daɗe bayan mu duka."

Na ce, "Wanda ya fara buta ya daɗe da rasuwa. Inna tana Wamakko."

Sai ya fito da maganar da ya shigo da ita. Kamfanin na son yin sababbin kwanoni na bikin mulkin kai, kore da fari, da zanen Inna a jiki. Sun ce zanena na takarda bai nuna yadda layukan ke bin lanƙwasa ba, ƙwaryar kanta suke so. In ya kai ta, shi zai zama wakilinsu a lardin nan gaba ɗaya. Na ce za a dawo da ita? Ya sunkuyar da kai. Ashe mai zanensu yanka ta zai yi gida-gida, ya shimfiɗa ya kwafa.

"Taki ce," in ji shi. "Ba zan ɗauka da hannuna ba. Amma na riga na amsa musu."

Kin san shi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi ya ƙarasa koya mini karatu, shi ya toshe bakin danginsa duk shekarun nan da ake yi mini gori. Ni na fara abin nan, ba shi ba, yanzu kuma kunyar a kansa za ta sauka.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba, ko shi. Na yi ɓatan wata, na biyu ke nan.

Motar kayansu za ta tashi farkon watan gobe. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Sadiyatu


Kano
Satumba, 1960

Auta,

Gaisuwa. Alhamdu lillahi, Allah ya inganta, ya raba lafiya. Ki daina ɗaukar tulu.

Ba zan gaya miki abin da za ki yi ba, amma zan gaya miki gaskiya. Ni ma na sayi mai ƙofa. Yaran nan sun fasa mini ƙwarya ba adadi, shi kuwa sun jefar da shi ya fi a ƙirga yana nan. Kwano ya zo, ba zai koma ba. Kada ki ɗauka in kin riƙe ƙwaryarki iyayen amare za su dawo wa Inna. Kada kuma ki ɗauka tana ganinki za ta sauko da wuƙa, kin san zuciyarta. Kina iya rasa wakilcin, ki rasa fara'ar mijinki, ki dawo da ƙofarki a buɗe. Ke za ki zauna da Jinaidu, ba ni ba.

Ban faɗa wa Haruna zancen watan ba. Daga bakinki ya kamata Inna ta ji, da abin a hannunki ko babu.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Kulu


Ƙofar Marke, Sakkwato
Satumba, 1960

Yaya Kulu,

Gaisuwa da godiya, a gaida yara.

Na gaya wa Malam duka biyun a zama ɗaya: zancen watan, da cewa ba zan ba da ƙwaryar ba. Ya yi hamdala a kan na farko. A kan na biyu ya tashi ya fita bai taɓa abincinsa ba, har yau kuma daga gaisuwa ba ya ƙara komai. Amma da na nemi izinin zuwa gida, ya ce in je.

Motar Kano ta tashi jiya. Ƙwaryar tana nan, na naɗe ta a zanen da ya sayo mini. Jibi zan kai ta Wamakko.

Ƙanwarki,
Sadiyatu