Farantin Baba

Talata, 3 ga Oktoba

Ciwon sukari. Likita ya faɗa idonsa na kan kwamfuta, kamar ita ce mara lafiyar. Ya tambaya ko akwai mai shi a dangi, na ce mahaifina. Ya ce, "To, gado ne, Ustaza Gizlan." Yayana Abdul'ilah ya gaji shagon Baba, ni na gaji wannan. Babu mai kai ƙara.

Alhamis, 5 ga Oktoba

An tura ni wurin mai tsara wa marasa lafiya abinci. Yarinya ce, da kaɗan ta girmi ɗalibaina. Ta miƙo mini hoton faranti an raba shi: rabi ganye, ɗaya rabin an sake tsaga shi biyu, nama a nan, burodi ko kuskus a can. Shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa a Maknas, nan Maroko, na san taswirar da aka zana a ofishin wata ƙasa idan na gan ta. Layi miƙaƙƙe, babu ruwansa da mutanen da ke zaune a wurin.

Na tambaye ta ko a gidansu kowa da farantinsa ran Juma'a. Ta yi dariya. "Ai sai ki ce a zuba miki naki daban."

Daban. Ko a jikinta.

Na san daban. Shuɗin faranti ne mai ɗan tsagu a baki, a kan ƙaramin teburi kusa da taga. Sha'ir da dafaffen kabeji. Nan Baba ya ci shekarunsa na ƙarshe, mu kuma muna kewaye da babban kasko mun ba shi baya. In an yi dariya ya kan waiwayo a makare. "Ku ci, ku ci, ni baƙo ne a gidan nan." Aka fara da yanke yatsun ƙafarsa, aka ƙare da ƙafar. Ko farantin bai yi aiki ba, ko ya zo a makare, ban sani ba.

Mama ba za ta ji labarin ciwon nan ba.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Gidan Mama, kamar kowace Juma'a. Kuskus ya yi tudu a kasko, a samansa albasa da zabibi da aka dafa da sukari da kirfa har suna ƙyalli. Kowa ya ci gabansa. Babu layi a kaskon nan, amma ban taɓa ganin iyakar da ake girmamawa kamar tasa ba.

Mama ba ta cin kuskus da cokali. Tana mulmula shi a tafin hannu, ta ajiye dunƙulen a gaban wanda take so. Tun ina ƙarama nawa ne na farko, Abdul'ilah har yau bai yafe ba. Na cinye duk wanda ta ajiye. Na sha shayi kofi biyu.

Da na koma gida na soki yatsa. Na'urar awon sukarin ba ta da ladabi ko kaɗan.

Litinin, 9 ga Oktoba

Shayi babu sukari ruwan wankin ganye ne. A daina yaudarar mutane.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na yi kuskuren faɗa a ɗakin malamai. Kafin a kaɗa ƙararrawa na sami likitoci huɗu. Malamin lissafi ya ce hulba. Malamar Faransanci ta ce ganyen zaitun, ƙanwar kakarta da shi ta kai shekara ɗari. Wani ya ce, "Damuwa ce kawai, ki yi aure." Duk suna faɗa suna tsoma burodi a zuma.

Na sayi burodin sha'ir. Da shi za a iya gyara katangar gari.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na gwada dabara. Ina cin kabeji da karas, ina tura kuskus ɗin a hankali zuwa ɓangaren Najat, matar Abdul'ilah. Ta dubi tudun da ya taso a gabanta. "Lalla Gizlan, gini kike mini?"

Abdul'ilah ya ce, "Ƙyale ta, Ustaza na rage ƙiba. An samu wani ne? Ki faɗa mana mu aske gemu."

Aka yi dariya, har da ni. Sai dunƙulen Mama ya sauka a gabana. Wannan ba ya turuwa.

Talata, 17 ga Oktoba

Yau a aji na nuna kogi a taswira, yara suka ce hanyar jirgi ce. Idona na hazo. Da safe kuma tafin ƙafata na hagu kamar tururuwa na yawo a ciki. Likita ya ce ba a makara ba tukuna, ya ja "tukuna" ɗin. Ya ce wata uku masu zuwa su ne magana, kuma Juma'a ma rana ce a cikin mako.

Wato ko ƙafata, ko wurin zamana. An ba ni zaɓi, sai godiya.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Mama ta ajiye dunƙule, na kai hannu, sai ta riƙe hannun. Ta juya shi, ta dubi kan yatsuna, ɗigo-ɗigon nan na allura. Ita ce mai soka wa Baba allurar awo a yatsa kowace safiya, na manta.

"Ɗinki kika fara?"

"Eh, Mama."

"Ke da ba ki taɓa ɗinka maɓalli ba."

Ta saki hannun. Ta ɗauke dunƙulen daga gabana, ta ajiye wa Abdul'ilah. Ya shekara hamsin yana jira, amma bai ma lura ba, yana ba da labarin ƙwallo.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Yana nan. Shuɗin farantin, da tsagunsa, a kan teburin taga. Ashe Mama ba ta taɓa jefar da shi ba. Ta naɗe shi ta ajiye kamar kayan gado, tana jira ta ga wa zai hau kujerar.

Sha'ir. Kabeji. Ɗan nama babu kitse. Rabon ma daidai da hoton yarinyar nan, Mama kuwa ba ta taɓa ganin hoton ba.

Najat ta hau yi mini magana da muryar da ake yi wa jarirai. Abdul'ilah ya ce, "An ba Ustaza ofis nata na kanta." Babu wanda ya yi dariya, shi ya fi ciwo. Na zauna. Daga wurin nan ƙeyar mutane kawai ake gani. Ban san ƙeyar yayana ta yi sanƙo haka ba.

Na bi Mama kicin. Na ce, "Duk shekarun nan kina ajiye da shi, wa kike jira?"

Tana goge tukunya, ba ta juyo ba. "Na wanke ƙafar ubanki har ranar da babu abin wankewa. Taki ba zan wanke ba, Gizlan."

Na ɗauki jakata. Ban tsaya shayi ba. Da ma wane shayi.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Ban je ba. Na dafa abincina, na raba shi a faranti kamar yadda aka zana, har da auna kuskus da ƙaramin kofi. Na ci ina kallon firiji. Na'urar ta yaba mini. Ita ce ta farko a makon nan.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Hazon ya ragu. Haushi nake ji da abin yake aiki.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Ban je ba. Da yamma Abdul'ilah ya kira. "Ke, kanki ɗaya? Tsohuwa ta zuba miki a farantin nan, ta rufe, ta zauna tana kallon ƙofa. Ko loma ba ta kai baki ba. Ta daina mulmula wa kowa, ni ma da aka fara ba ni an janye."

Na ce ya yi haƙuri da rashin da ya yi.

"Allah ya shirye ki, Ustaza. Karatu dai bai yi rana ba."

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Na je. Don kada a ce.

Farantin na wurinsa. Na zauna na ba su baya tun kafin su ba ni. Na ji an ce bismillah, na ji ƙarar cokula. Sai na ji ana jan matashin zama a ƙasa. Mama ce, da gwiwoyin nan nata da ko sallah a zaune take yi, tana jawo shi har gindin taga. Najat ta miƙe, "Lalla, bari in..." Mama ta ɗaga mata hannu.

"Matsa," ta ce mini.

"Mama, abincin marasa lafiya ne."

"Ni na dafa, na san ko na wane ne. Ci gabanki."

Ta sa hannu a farantin. Muka fara ci. Can ta ce, ba da ni take ba, da tagar take, "Shi na bar shi a nan shi kaɗai, ina can ina raba muku nama."

Ta mulmula dunƙule ɗaya na sha'ir, ƙarami, bai kai ƙwan tantabara ba, ta ajiye a gabana. Ɗaya tak. Na jira na biyu, ta harare ni.

Sha'ir dai sha'ir ne, bai zama kuskus don an mulmula shi ba. Kuma ta ƙetare iyaka ta cinye mini kabeji, ina kallo.

Farantin ya yi wa mutum biyu kaɗan. A hanyar gida na ga wani a wurin masu tukwane, ya ɗan fi shi faɗi, shi ma shuɗi. Ban saya ba. Na dai ɗaga shi na duba bakinsa.