Faifai Huɗu da Muryar Mma

Daren Talata, Maamobi

Har yanzu hannuna zugi yake. Tun safe nake fama da sabar shagonmu na bidiyon biki, wato babbar kwamfutar da muke ajiye aiki a ciki. Sabuwar manhajar ta ƙi ganin faya-fayan ajiya huɗu, don katin da ke haɗa su ba shi da direba, 'yar manhajar da ke sa shi aiki. Zan tafi La'asar na ce wa Yaya Sule kada ya taɓa. Ina dawowa ya ce, "Cale, ɗan'uwa, na share komai, yanzu tana gani!"

Na shaƙe shi, na gwara kansa da bango, sai mai sayar da waakye, shinkafa da wake, ce ta raba mu. Bidiyon marigayiya Mma na ƙarshe yana cikin abin da ya share. Shi ma uwarsa ce, kuma bai sani ba tukuna.