Gwaggo Ba Ta Yi Zazzaɓi Ba

Asabar, 29 ga Mayu, 1999
Yau soja suka miƙa mulki. Duk unguwa kunne na kan rediyo, ni kuwa ina kan Baba. Muguwar murar nan da ta cika Dala ta kama shi: ciwon gaɓoɓi, tari, jiki kamar garwashi. Na sa masa ma'aunin zafi, talatin da tara. Ko rumfarsa ta Ƙofar Wambai bai tambaya ba, a nan na san abin ya kai.

Litinin, 31 ga Mayu
Mun yi da Gwaggo 'Yardada, yayar Baba. Na dawo daga aiki na tarar ta lulluɓe shi da bargo tana masa surace da ganyen darbejiya. Na yaye bargon, na ba shi farasitamol. Ta ce, "Hassana, ki bar zafin nan ya yi aikinsa, shi ke dafa ciwon." Na ce shekarata shida a ɗakin shan magani, ban taɓa ganin an dafa ciwo ba. Ta ce to, sannu likitan gida. Raina ya ɓaci, ba na son sunan nan.

Laraba, 2 ga Yuni
Na tambayi likitan wurin aikinmu don in samu abin rufe wa Gwaggo baki. Sai ya ce ai tsohuwar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Wai ƙwayar murar ta fi son sanyin hanci, in jiki ya ɗau zafi sai hayayyafarta ta ragu. A sauke shi in ya yi yawa ko ya galabaitar da mutum, amma ba shi ne abokin gaba ba. Ya fara wata magana kan tsofaffi, aka kira shi, ban koma na tambaya ba.
Ba zan gaya mata ba. Ta ishe ni a haka ma.

Juma'a, 4 ga Yuni
Baba ya yi gumi, ya sha kunu, har ya nemi goro. Alhamdu lillahi.
Gwaggo ce kuma ke tari. Na auna ta, talatin da shida da rabi. Na nuna mata na ce lafiyarki ƙalau, gajiyar jinya ce. Ta yi dariya ta ce tunda ƙarfe ya faɗa, shi ke nan.

Lahadi, 6 ga Yuni
A zaune Gwaggo ta yi sallar azahar. Ta kira ni da sunan mahaifiyata, wadda ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na sake aunawa, babu zazzaɓi. Amma numfashinta sama-sama. Mun tafi asibiti.

Litinin, 7 ga Yuni
Limoniya. Murar ta sauka huhu tun kwanaki. Likitan asibitin ya ce tsoho yakan kwanta da ciwo mai tsanani jikinsa ya kasa ko tada zazzaɓi. Jikin Baba ya yi faɗa da ciwon, shi ya sa ya yi zafi. Nata bai iya ba. Ni kuma na ga sanyi na ce lafiya.
Kwana biyu. Kwana biyu na bar ta tana shara da wanke-wanke.

Talata, 8 ga Yuni
Gwaggo ta rasu bayan la'asar. Allah ya jiƙanta.

Alhamis, 17 ga Yuni
Na koma aiki. Baba bai ɗora mini laifi ba, da ma ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.
An kawo wani dattijo, tari kawai. Jibrin da ke karɓar marasa lafiya ya auna shi ya ce ba zazzaɓi, a ba shi maganin tari ya tafi. Na zauna kusa da shi na ƙirga numfashinsa, na tambaye shi yau wace rana, ya rasa. Na kama hannunsa na wuce layi da shi har gaban likita, mutane na ta guna-guni. An ba shi gado.
Jibrin ya ce yaushe na fara gardama da ma'auni. Na ce masa ba gardama ba ce, aiki ne kawai.
Na shiga bayan gida na daɗe ban fito ba.