Filo a Ƙarƙashin Gwiwa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, an yi wa Baban yara tiyatar nan. Kin san tun da ya faɗo daga tsani yana fenti ya karye a ƙafa, ƙashin ya haɗe amma gwiwar ta sandare a lanƙwashe. A kan yatsu yake tafiya, dunduniya ba ta taɓa ƙasa. Mai fentin da ba ya iya tsayuwa kuwa, wa zai ba shi gida? Likitan ƙashi ya ce nama ne ya manne a ciki saboda daɗewar da ƙafar ta yi a tanƙware. Ya buɗe, ya yanke abin da ya manne, ya miƙe ta. Da na ga ƙafar a miƙe a kan gado, sai da na fita baranda na yi kukana.

Amma likita ya ja mini kunne. In aka bar gwiwar ta huta a lanƙwashe, naman zai sake mannewa, kuma ba lallai tiyata ta biyu ta yi amfani ba. Ya ce kada a kuskura a sa filo a ƙarƙashin gwiwar. A ƙarƙashin dunduniya za a sa, gwiwar ta rataya, nauyinta ya ja ta ƙasa. Ni kuma in riƙa danna ta safe da yamma, yadda likitar gashin ƙashi ta koya mini. Na ɗaura ɗamara, ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki. Na ji daɗi da kika ce bayan ya yi sauƙi. A shafa mini kan yara.

Surukata Inna ta zo jinya, kuma gida ya rikice. Ba zan ɓoye miki ba, dannawar nan akwai azaba. Ƙaton mutumin nan ihu yake har maƙwabta suna leƙowa, yana kiran Innarsa kamar ɗan yaye. Ita kuwa da na juya baya sai ta cusa masa filo a ƙarƙashin gwiwa, ya yi ajiyar zuciya, ya lumshe ido. Daga baya yaran suka faɗa mini haka ta riƙa yi masa tun jinyar farko.

Na yi mata bayani da ladabi, ta ce ta haife shi ta rene shi ba likita ko ɗaya. Sai na kwashe duk filon gidan na kai ajiya wurin maƙwabciya, kowa ya koma yin matashi da hannunsa. Kin san abin da ta yi? Ta ninke zanenta ta tura masa. Na cire zanen, ta naɗe tawul. Har takalminsa na taɓa zarowa daga wurin.

Shi kuma gogan ya yi gum, ba ya son ɓata wa uwa, ba ya son ɓata mini. Jiya likita ya auna, ya ce gwiwar ta fara komawa gidan jiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Inna ta faɗa wa dangi wai ba ni da imani, ina gasa mata ɗa. Maganar ta yi mini ciwo, don ni ma da hawaye nake dannawar. Amma ko za a haɗa mini taron dangi, ba zan fasa ba.

Taki,
Auta

Yayata,

Sallama da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na gode da lallashi.

Na zauna na yi tunani, na ga Inna ba mugunta take yi ba. Ba ta iya ganin ɗanta cikin ciwo hannunta yana zaune. Don haka na ba hannun aiki. Na roƙe ta ta zauna a ƙarshen gado ta ɗora dunduniyarsa a cinyarta, tana shafa masa mai a tafin ƙafa. Ta karɓa da murna. Ba ta lura da dabarata ba sai da ya fara nishi, don a haka gwiwar take ratayawa daidai yadda likita yake so.

Ta harare ni, harara mai kyau. Na ɗauka za ta ture ƙafar ta tashi. Sai shi ya buɗe baki a karo na farko, ya roƙe ta kada ta saki, ya ce ya gaji da zama 'ya'yansa suna miƙo masa ruwa. Yaya, ba ta saki ba. Ta juya fuska ga bango tana share hawaye, ni ina dannawa, ita tana riƙe. Haka muka yi ta yi safe da yamma.

Shekaranjiya Baban yara ya tsaya a tsakiyar ɗaki, dunduniyarsa ta zauna daram a kan siminti. Gwiwar ba ta koma kamar da ba, likita ya ce ɗan ɗingishi zai saura, amma zai yi aikinsa. Har ya sa an fito masa da burushinsa yana wankewa.

Inna ta koma gida yau da safe. Ta sallami yara, ta sallami maƙwabta, ni ko kallo ban samu ba. Na ji zafin abin, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ina tsaye a ƙofa ina kallonsu, ɗanta ne ya ɗaukar mata jaka ya raka ta har bakin titi, ba sanda. In fushinta ne kuɗin wannan, na biya, kuma ban yi asara ba.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Auta